Shiga jirgin kamun kifi a teku cikin Janairu, masu sani ku ba ni shawara

Dan_Tudunwada (Bronx):

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah waɗanda suka saba shiga jirgin kamun kifin nan na haya a New York ko New Jersey, wanda suke ce wa fati bot, kowa ya biya kuɗin kansa a kwashe ku gaba ɗaya a shiga teku, ina neman shawararku. Abokan aikina ne suka matsa lallai sai mun je ran Asabar ɗin nan daga tashar Sheepshead Bay da ke Brooklyn, jirgin yini guda, ni kuwa iya abin da na sani shi ne na lokacin zafi, rabin yini, ruwa kwance, ana ganin gine-ginen Coney Island daga inda aka tsaya. Yanzu kuma tsakiyar Janairu ne. Na duba hasashen yanayi na teku, sun ce iskar arewa maso yamma not 20 zuwa 25 (not shi ne ma'aunin gudun iska a teku), tana fizgowa har 30, igiyar ruwa ƙafa 4 zuwa 6. Abokan nawa sun ce ai jirgin babba ne, indai kyaftin ya ce zai fita to shikenan babu komai.

Abin da nake son sani, wannan yanayin na zuwa ne ko na haƙura? Wane kifi ma ake samu a wannan sanyin? Kayan sawa fa, da maganin amai? Sannan akwai kuɗin nan da suke tarawa a ba wanda ya kama kifi mafi girma, zuciyata ba ta kwanta da shi ba, da kuma yadda ake yi da sallah a ciki. Ran Asabar kaɗai nake da hutu shi ya sa nake ta kai-kawo. Na gode.

Baba_Direba:

Wa alaikumus salam ɗana. Kar ka je Asabar ɗin nan. Na fara da wannan ne don kar ya ɓace a cikin dogon bayani.

Maganar da abokanka suka yi cewa jirgin babba ne gaskiya ce, amma ba ita ce tambayar ba. Jirgin ƙarfe mai tsawon ƙafa 80 ko 100 zai iya shan igiyar ƙafa 6 ya dawo lafiya, kyaftin ya san haka, kuma shi kasuwanci yake yi, lokacin sanyi fasinja sun yi ƙaranci, idan ya samu mutanen da za su biya masa kuɗin mai zai fita. Tambayar ita ce kai za ka iya tsayuwa awa bakwai ko takwas a kan dandamalin da ke sama da ƙasa, ruwan gishiri na watso maka yana daskarewa a jikin ƙarfe, kuma ka kama kifi a haka? Don a irin wannan iskar jirgi ba ya zama wuri ɗaya a kan anka, lilo yake ta yi hagu da dama, kifin lokacin sanyi kuwa a maƙale yake a jikin duwatsu da tsofaffin jiragen da suka nutse, jirgi ya goce da 'yan ƙafafu kaɗan sai ka wuni kana jefa koto a kan yashi. Ga dalmarka, wato nauyin da ake ɗaurawa a zare don ya kai koto ƙasa, ba za ta zauna a ƙasa ba, jirgi ya ɗaga ta ɗago, ya sauka ta daki ƙasa, ko kifi ya taɓa ba za ka ji ba.

Iskar arewa maso yamma mayaudariya ce a wannan gaɓar tamu. Daga tudu take busowa ta nufi teku, saboda haka in ka tsaya a Emmons Avenue, titin bakin tashar Sheepshead Bay, da asuba za ka ga ruwan tashar lumui, ka ce ina iskar da ake faɗa. Sai kun fita ta Rockaway Inlet, mashigar da ake bi a shiga teku, kun yi nisa da gaɓa, iskar ta samu filin tara ruwa, a nan za ka gane. Tafiya ma da sauƙi tunda tana bayanku, dawowa ce wahalar, jirgi na sara igiyar gaba da gaba, awa biyu wani lokaci fiye, kowa ya riga ya gaji ya jiƙe.

Ka koyi karanta hasashen da kanka, kar ka tsaya a tsayin igiya kawai. Akwai lamba ta biyu, tazarar daƙiƙoƙi tsakanin igiya da igiya. Ƙafa 5 a daƙiƙa 11 ko 12 doguwar igiya ce mai laushi, jirgi zai hau ya sauka a hankali. Ƙafa 5 a daƙiƙa 5 kuwa duka ne kawai, ɗaya na bin ɗaya ba hutu, kuma ita iska ke haifarwa, irin ta ran Asabar ɗinka kenan. Hukumar yanayi da teku ta Amurka, NOAA, tana da na'urori da ke shawagi a teku suna aiko da awon iska da igiya da sanyin ruwa kai tsaye, kyauta a intanet. Mu nan biyu muke dubawa, mai lamba 44065 a bakin shigowa tashar New York da 44025 da ke kudu da Long Island. Ka duba da dare, ka sake dubawa da asuba kafin ka bar gida. A yankin nan idan iska ta kai not 25 ko igiya ta kai ƙafa 5 suna fitar da gargaɗi ga ƙananan jirage, daga not 34 kuma gargaɗin guguwa ne, wajen kilomita 63 a awa kenan. Ni dai ƙa'idata in an sa na farkon ma ina gida, kuma sabon shiga ya fi ni buƙatar wannan ƙa'idar.

Ranar da ake nema a lokacin sanyi ita ce wadda ke zuwa bayan iskar ta yi kwana biyu tana hauka ta gaji, kafin wani hadarin ya taso. Sau da yawa sanyi ya fi tsanani a ranar amma ruwa kwance. Ba ta san Asabar ba, tana iya faɗowa Talata, shi ya sa za ka ga yawancin 'yan gari a jiragen nan dattawa ne da suka yi ritaya ko masu aikin kansu. Kai mai hutun rana ɗaya sai ka yi ta haƙuri har Asabar mai kyau ta zo, za ta zo.

Wani abu kuma, duk jirgin da za ka shiga ka nemi takardar binciken Coast Guard, hukumar tsaron gaɓar teku, tana manne a ciki, an rubuta iyakar mutanen da zai ɗauka. Dalilinta akwai tarihi mai ɗaci. Ranar 1 ga Satumba 1951 wani jirgin kamun kifi mai suna Pelican, tsawonsa ƙafa 42 kacal, ya fita daga Montauk da mutum 64, iska ta taso, ya kife a hanyar dawowa kusa da gaɓa, mutum 45 suka rasu. Bayan wannan ne aka yi dokar da ta tilasta binciken duk jirgin da ke ɗaukar fasinja fiye da 6. Mu da muke jin labarin kwale-kwalen da ake cikawa fiye da kima suna kifewa a Neja da Kebbi kusan kowace damina, bai kamata a yi mana dogon bayani kan muhimmancin wannan takarda ba. Ka kuma duba inda rigunan ceto suke tun kafin a kunce igiya.

Anti_Nas:

Ƙanena, Baba ya gama magana kan yanayi, ni ɓangaren jiki zan taɓa tunda aikina kenan.

Ruwan tekun nan a Janairu da Fabrairu yana sauka wajen digiri 4 zuwa 6 a ma'aunin salshiyos. Wanda ya faɗa ciki ba sanyin ne ke fara kashe shi ba, numfashi ne ke ƙwace masa, ya ja iska da ƙarfi ba da son ransa ba, in kansa na cikin ruwa a lokacin to ruwa ya shaƙa. Masu koyar da ceto suna cewa minti 1 na farko na kama numfashi ne, sai kamar minti 10 da hannu da ƙafa za su yi maka aiki kafin su sandare, sai wajen awa 1 kafin sanyi ya sumar da mutum, shi ma in yana da abin da ke riƙe shi a saman ruwa. Iya iyo ba ya ceton mutum a nan, ga kaya masu nauyi a jiki. Saboda haka hannu ɗaya kullum a kan ƙarfe in kana tafiya a jirgin, kar ka leƙa jiki waje don ciro kifi ko warware zare, ka kira yaran jirgin su zo da raga, aikinsu ne.

Kaya kuma dan Allah ka manta da jins da rigar auduga a ciki. Auduga in ta jiƙe da gumi ko ruwa riƙe shi take yi ta manne a fata tana tsotse ɗumin jiki. Ka sa na ciki na ulu ko na roba-roba irin na 'yan wasanni, sai mai kauri a kai, sai rigar ruwa da wandonta mai zuwa har ƙirji a waje. Takalmin roba mai tsawo wanda ƙasansa ba ya santsi, ya ɗan yi maka yawa don safar ulu ta samu wuri, in ya matse ƙafa jini ba ya gudu sai sanyin ya fi. Safar hannu ka ɗauki biyu ko uku don dole ta farko ta jiƙe, da 'yan ƙunshin nan masu ɗumi da ake sawa a aljihu, da hular da ke rufe kunne. In ka ga yatsa ya yi fari ko toka-toka ya daina ji, ka shiga ciki ka ɗumama shi a hammata, kar ka murza shi kar kuma ka kanga shi a jikin hita.

Maganin jiri, akwai Bonine da Dramamine a kowane kemis ba sai da takardar likita ba. Kuskuren mutane shi ne sai zuciya ta fara tashi sannan su sha, lokacin ya wuce. Ka sha awa ɗaya kafin jirgi ya tashi, wasu ma suna shan ɗaya tun da dare. Akwai kuma wanda ake mannawa a bayan kunne, sikofolamin, shi sai likita ya rubuta kuma ana manna shi awa 4 kafin tafiya, amma mai hawan jinin ido ko matsalar fitsari ya faɗa wa likita tukuna. Duk suna sa barci, musamman Dramamine, to in tuƙi kake yi kar ka ce za ka sauka daga jirgi ka kama aikin dare, ina roƙonka. Citta tana taimakawa, ka dafa shayinta a filas. Ka ci abu mara maiƙo da safe, kar ka je da yunwa kar kuma ka cika ciki. In jirin ya zo duk da haka, kar ka gudu cikin ɗaki ka kwanta, can ya fi muni, ga warin dizal ga zafi. Ka tsaya waje wajen tsakiyar jirgi, idonka a can inda sama ta haɗu da ruwa, ka ajiye waya. Kuma ka sani jirgi ba zai juyo saboda kai ba, mai ciwon suga ya yi tunanin wannan da kyau, don amai na awa shida da rashin cin abinci ba ƙaramin haɗari ba ne gare shi.

Basarken_Jersey:

Slm. Ni dai kar a tsorata yaron nan ya fasa gaba ɗaya, wlh kamun kifin sanyi shi ne kamun kifi, jirgi ba cunkoso, ba masu zuwa shan giya da ihu, sai waɗanda suka san abin da suka zo yi. Na yarda da Baba kan Asabar ɗin nan amma ba na bin ƙa'idarsa ɗari bisa ɗari, don a gefenmu na Jersey in iskar yamma ce ko arewa maso yamma kuma kyaftin ya ce kusa da gaɓa zai tsaya, tudu na kare ku, ana iya kamun lafiya lau ko da an sa gargaɗin. Wadda ba na wasa da ita ita ce ta gabas ko arewa maso gabas, ita ce ke kwaso igiya tun daga tsakiyar teku, ta dagula ruwa, ko bayan ta kwanta sai kifi ya yi kwana biyu bai ci ba. Shi ya sa nake cewa ka buga wa kyaftin waya da yamma ka tambaye shi kai tsaye, ina za mu, mil nawa, zurfin nawa, dalma oza nawa ake riƙe ƙasa da ita. In ya ce oza 16 ma da ƙyar, ka san amsar.

Batun kifi kuwa, daga New York a Janairu ba za ka iya riƙe bilakfish ba, wanda ake ce wa tog, lokacinsa yana rufewa tun Disamba, sai dai kifin lin in an dace, kifin kod kuwa ya yi ƙaranci sosai ba kamar yadda tsofaffi ke ba da labari ba. Lin kifi ne mai laushin nama, ana samunsa a wani kwari mai laka da ake kira Mud Hole, zurfi ƙafa 150 zuwa 200 da wani abu, da naman kilam, wata dabbar teku mai ɓawo, ake kama shi, ba ya da wahala, kuma ya yi daɗi a miya ko a soya amma ka sa shi a ƙanƙara da wuri don saurin lalacewa gare shi. A New Jersey kuwa tog a buɗe yake Janairu da Fabrairu, ƙaramin da za ka riƙe inci 15, na New York inci 16 ne in lokacinsa ya yi. Dokokin nan ana taɓa su kusan duk shekara, yaran jirgi suna da ma'auni kuma sun san na bana, ka tambaye su kafin ka jefa komai a kular ƙanƙara. Jirage na tashi daga Belmar da Point Pleasant da Brielle. Rajistar masunta ta jiha ba ta hau kanka ba in a jirgin haya mai lasisi kake.

Tog shi ne wanda ya kama min zuciya gsky. Kaguwa yake ci, yana da haƙora masu ƙarfi da yake fasa ɓawo da su, a cikin ramin dutse yake zaune. Za ka yanka kaguwa biyu ka cire ƙafafun ka soka ƙugiya ta gurbin ƙafa, ka saukar har ƙasa, ka bar dalmar ta zauna shiru kar ka yi ta motsa ta. Zai fara ɗan taɓawa kas kas kas, wannan fasa ɓawon yake yi, in ka fizga a nan ka rasa, sai ka ji ya ja da nauyi sannan ka ɗaga sandar sama da ƙarfi ka naɗe zare da sauri sau uku huɗu don ka raba shi da ramin, in ya riga ka komawa ciki to ƙugiya da dalma duk sun tafi, shi ya sa ake zuwa da su da yawa. Kifi ne mai jinkirin girma, yana kai shekara 30 da ɗoriya, kuma mafi girma da aka taɓa kamawa a duniya, fam 28 da 'yan kai, a Janairun 2015 ne aka ciro shi a Ocean City ta Maryland, ka ga dalilin da ya sa mutane ke jure sanyin. Ni manyan mata ina mayar da su ruwa, su ne masu ƙwai, matsakaitan ma sun fi daɗin ci.

Ka je da wuri don 'yan gari suna kama bayan jirgi tun duhu, kai ka nemi gefe wajen tsakiya, ya ma fi maka saboda jiri. Kar ka saki zare sai an busa ƙaho, in an sake busawa ka naɗe. Zarenka ya harɗe da na maƙwabci kar ka ja, ka kira yaro. Kuma ka tanadi kyautar yaran nan, kashi 15 zuwa 20 na kuɗin jirgi, su ne ke yanka koto da fiɗar kifi da hannu cikin wannan sanyin, kusan da ita suke rayuwa. Kuɗin gasa kuwa ni ina ganin gwaninta ce ba sa'a ba, amma na bar wa malamai.

Malam_Na_Webster:

Allah ya saka wa kowa da alheri. Ɗan'uwa Basarke, da gwanintar da rashinta, siffar abin ita ce kowa ya zuba kuɗinsa, mutum ɗaya ya kwashe, sauran su yi asara, kuma ba wanda ya san kifin da zai zo ƙugiyarsa. Wannan ita ce siffar caca a wurin malamai. Da mai jirgi ne ya sa kyauta daga aljihunsa ba tare da an karɓi na kowa ba, da babu laifi. Kuma ba dole ba ne, yaro zai zagayo yana tambaya, ka ce a'a na gode, ba wanda zai kalle ka.

Sallah kuma, Asuba a wannan watan tana shiga wajen ƙarfe 6 saura, jirage da yawa 6 ko 7 suke tashi, to ka yi ta a tasha kafin ka hau in lokaci ya shiga. Azahar za ta same ka a ruwa. Sallar farilla a jirgin ruwa ta halatta, ka fuskanci alƙibla, daga nan arewa maso gabas ce wajen digiri 58, ka tsaya in za ka iya, in igiya ta hana ka tsayuwa ka zauna. Ruwan teku mai tsarki ne ana alwala da shi kuma abin da ke cikinsa halal ne, hadisin yana cikin Muwaɗɗa, sai dai a wannan sanyin gara ka riƙe alwalarka ko ka zo da ruwan ɗumi a filas na biyu. Ka wanke hannu sosai ka nemi gefe a cikin ɗakin, ka gaya wa yaran jirgi, ban taɓa ganin sun hana ba. In an dawo ƙarfe 3 ko 3 da rabi za ka samu La'asar a tudu, amma kar ka yi sanya don rana na faɗuwa kafin 5.

Dan_Tudunwada (Bronx):

Na gode ƙwarai Baba, Anti, Malam, da yayana Basarke, Allah ya bar zumunci. Na gaya wa abokan nawa ban da ni wannan satin, biyu ma sun ce su ma sun fasa da na tura musu maganar tazarar igiya. Zan sayi rigar ruwa da takalmin tukuna. Yaya Basarke in ka ga rana mai kyau a gefenku ka taɓa ni, tog ɗin nan nake so na gwada. Tambaya ɗaya ta rage, sanda da zare sai na saya ko ana bayarwa a jirgin?

Baba_Direba:

Ana ba da haya a jirgin, 'yan daloli ne, da ita za ka fara kar ka kashe kuɗi tun ba ka san ko abin zai karɓe ka ba. Dalma da ƙugiya ma suna sayarwa a ciki amma sun fi araha a shagon koto na bakin tasha, ka ɗauki oza 8 da 10 da 12, kowanne guda uku ko huɗu. Ka zo da tsabar kuɗi, ba kowane jirgi ke karɓar kati ba. In kuma wata rana Sheepshead Bay ɗin za ka ta jirgin ƙasa, layin Q za ka hau, layin B ba ya aiki Asabar da Lahadi.